Funfuna a Gonar Kaka

Zuwa ga Tabarau, 'yar gwaggona,

Assalamu alaikum. Ga gaisuwa nan mai yawa, ki ɗebi taki ki miƙa wa Gwaggo sauran. Yaya ƙafarta? Ki ce mata na sani sarai tana cewa ta warke alhali tana ɗingishi, ta ci gaba da shafa maganin. Mu nan lafiya lau, sai ɗan tarin da autarmu ta yi, shi ma ya sauka. Hukuma tana gaishe ki. Ta leƙo ta ce in rubuta "matata" kamar kowane mutumin kirki, na ce ai kin san wadda ake nufi.

Don Allah ki daina kirana a waya. Injin niƙan nan ya cinye mini kunne. Ranar da kika ce in aiko miki da saiwa, ni saniya na ji, na yini ina tunanin wace irin makaranta ce wannan da ake karatu da saniya. Sai da Hukuma ta karɓi wayar ta fassara mini. Takarda ta fi mini, ita ba ta ƙara.

To ga saƙonki nan a hannun direban motar kaya. Ƙunshi biyu na saiwar masara da ƙasarta, da mudu biyu na tsaba. Wanda na ɗaure da jan zare na gonar Kaka ne, ɗayan na babbar gona. Mutane sun taru suna kallona ina tonon tushiya bayan an gama girbi. Wani ya tambaye ni ko magani zan haɗa, na ce a'a, ƙanwata ce ta yi karatu har ya kai ta ga tonon saiwa.

Kin tambayi yadda nake noma kowacce. Babbar gona tarakta ke shiga duk shekara, in zuba mata takin zamani, ita kuma ba ta ba ni kunya. Gonar Kaka kuwa kin san hanyarta, ko amalanke da ƙyar take wucewa. Fartanya ce kawai, da takin awaki, da waken da nake sakawa tsakanin layuka kamar yadda marigayiya ta saba. Buhunanta ba sa kai na babbar ko kusa. Amma bana an faɗaɗa hanyar, na riga na yi magana da mai tarakta, da ruwan fari ya sauka zai shiga ya juye ta. Ita ma ta ɗanɗani zamani.

Yanzu ki gaya mini, me kike nema a cikin saiwa?

Yayanki,
Furfura

*

Yaya Furfura,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Mama ta amsa gaisuwa, ta ce ƙafarta ta fi taka ƙwari. A gaida Hukuma da yara.

A tsaye nake rubutun nan, mota na jirana, za mu fita da ɗalibai zagayen gonaki, kuma wurin ba ko sabis ɗin waya. Saƙo ya iso. Na duba saiwar jiya. Yaya, ta gonar Kaka cike take da wani irin funfuna, ban taɓa ganin yawansa haka ba a duk gonakin da na auna. Har shugaban sashenmu na kira ya zo ya gani, ya riƙe baki. Don Allah kada ka taɓa gonar nan, masarar ma kada ka sayar, sai na dawo na yi maka bayani.

Taka,
Tabarau

*

Tabarau,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, in dai ana kiran wannan lafiya. A gaida Gwaggo.

Takardarki ta same ni a bakin inji, mata sun yi layi da robobinsu. Na karanta sau ɗaya, na kashe injin, na fita waje na sake karantawa. Wata tsohuwa ta ce, "Mai-inji, rasuwa aka yi?" Na ce a'a, amma ban iya komawa aiki ba sai bayan la'asar.

Funfuna ba baƙona ba ne. Kina ƙarama shekarar da rufin sito ya yi yoyo, masarar Baba ta yi kore ta yi baƙi, warinta har kan titi. Da hannuna na taya shi kwashewa muka zuba a rami. Tumakin maƙwabci da suka tona suka ci, biyu ba su kwana ba. Ga shi yanzu kin ce ba ki taɓa ganin irin wannan ba, har babban malaminku ya riƙe baki.

Abin da ya fi damuna, tun girbi masarar gonar Kaka muke ci a gida, don Hukuma ta ce garinta ya fi daɗi. Tarin da auta ta yi, ko shi ne? Ina duba idanun yaran nan kowace safiya har sun fara guduna. Na kulle siton, mun koma cin ta babbar gona. Na kwance injin gaba ɗaya na wanke shi, don na niƙa masarar a ciki, kuma da shi nake niƙa wa rabin unguwa.

Na fasa ƙwayoyi da yawa na duba, fari tas, ba wari. Amma ke ce mai madubin bincike. Ki rubuto da wuri, ki faɗa mini gaskiya ko da ɗaci.

Furfura

*

Tabarau,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya, yara suna ta ƙiriniyarsu. Shiru dai har yanzu. Direba ya ce ya ba Gwaggo takardata hannu da hannu, ta ce ba ki dawo ba. Hukuma ta yi ta gwada wayarki, a kashe.

Ruwan fari ya sauka da wuri bana. Na zauna na yi tunani: da kika ce kada in taɓa gonar, ai don kada in kwaso cutar in kai wani wuri ne. To in na bar ta haka, damina ta yi nisa, ruwa zai wanke ta zuwa gonakin mutane, kuma da wane ido zan kalle su? Sai na tara tushiyar gefen gabas na cinna mata wuta, na kira mai tarakta na ce ya nutsa garmar iyakar nutsewa, ya binne abin.

Ya ci rabin gonar ke nan sai ga Hukuma, ko mayafi ba ta gyara ba, ta tsaya a gaban tarakta. Ta ce, "Yarinyar nan ta ce kada ka taɓa. Wane harafi ne ba ka gane ba?" Na ce, "Ke ba ki fahimci manufarta ba." Ta ce, "Ni abin da aka rubuta nake karantawa, kai kuma abin da kake tsoro." Mai tarakta ya dube ni ya dube ta, ya ga inda ƙarfi yake, ya kashe injinsa.

Masarar ma na so in haƙa rami in zuba. Na nemi makullin sito sama da ƙasa ban gani ba. Da na tambaye ta, ta ce ba za a binne abincin shekara a gidan nan a kan layi uku na takarda ba. Ashe kuma tana ɗiba a ɓoye tana watsa wa kajinta don ta gwada. Ba zan ɓoye miki ba, kajin sun yi ɓul-ɓul, zakaran har ya fara raina ni.

Yanzu gonar Kaka rabi a juye, rabi a yadda take, kamar wanda wanzami ya gudu ya bari. Ki yi wa Allah ki amsa.

Furfura

*

Yaya na kaina,

Wa alaikumus salam. Jiya na dawo, na yi baƙi na rame, amma lafiya ƙalau. Mama ma lafiya. Na tarar da takardunka biyu a ƙarƙashin matashinta, ta ce ita ba ta buɗe wasiƙar wani. Da na karanta mata, ta yi salati, ta ce, "Ke da boko, ki rasa kalmar da za ki rubuta wa ɗan mutane sai funfuna?" Gaskiyarta. Ka yafe mini, gaggawa ce ta sa. Buɗe siton yau ɗin nan ku ci abincinku. Babu abin da ya sami masarar, tarin auta kuma ba shi da alaƙa da ita.

Bari in faɗa maka abin da na gani. A ɗakin gwajinmu akwai dogon tebur jikin taga, da famfo a ƙarshensa. A nan nake wanke saiwa, in tsince ƙananan nan masu kamar gashi, in dafa su a wani ruwan magani har su yi garau, sannan in rina su da shuɗi in sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Saiwar babbar gona kusan fayau take, sai ɗan zare nan da can. Ta gonar Kaka kuwa, Yaya, kamar an yi mata saƙa. Zare shuɗi ko'ina, a cikin naman saiwar kuma ya yi rassa kamar 'yan ƙananan bishiyoyi. Don murna na kira shugabanmu. Riƙe bakin da ya yi na sha'awa ne.

Dangin funfuna ne, amma ba irin wanda ya ci masarar Kawu ba. Wannan a ƙasa yake zaune, ba ya hawa kan tsaba. Ciniki suke yi da shuka. Zarensa ya fi saiwa siranta nesa ba kusa ba, yana shiga lungunan da ita ba ta iya kaiwa, ya jawo mata ruwa da abincin ƙasa. Ita kuma ta biya shi da zaƙin da ganyenta ke haɗawa. Cikin abin da yake kawo mata akwai wani sinadari, zink, wanda jikin yaro ke buƙata don girma da yaƙi da cuta da saurin warkewar ciwo. Wani kaso nasa yakan ƙare a cikin ƙwayar da kake niƙawa.

Na auna tsabar biyu. Ta gonar Kaka ta fi zink a fili. Sinadarin ƙarfe, mai taimakon jini, bambancinsa kaɗan ne, ba zan yi rantsuwa a kansa ba.

Me ya sa babbar gona ba ta da shi sosai? Abu biyu muke zargi. In aka cika wa masara wani nau'in takin zamani, sai ta ga ba ta da buƙatar ɗan aike, ta rufe masa ƙofa, kamar matar da ta sayi injin niƙanta ta daina zuwa wurinka. Garma mai zurfi kuma tana tsinka zaren.

Shi ya sa na ce kada ka taɓa. Da na kai wurin tarakta a takardarka, ajiye ta na yi na fita tsakar gida, Mama tana tambayata ina cewa ba komai. Na daɗe ina neman gona irin wannan. Tukwanen gwajin da na shuka bara duk ba su ba ni abin kirki ba.

Amma da na huce sai na ga wani abu. Ƙunshi biyu ba hujja ba ce, wataƙila ƙasar gonar Kaka ce dama can ta fi zink. Yanzu kuwa ga gona ɗaya, ƙasa ɗaya, rabi an juye rabi ba a juye ba. Ko ni na tsara, iyakar abin da zan yi ke nan. Ka kafa turaku a kan iyakar. Iri ɗaya, rana ɗaya. Gefen tarakta ka yi masa yadda kake yi wa babbar gona, ɗayan ka bi shi yadda ka saba.

Ga hoton saiwar na sa a ambulan. Ka ce wa Hukuma ina nan tafe da turmin zane.

Ƙanwarka,
Tabarau

*

Tabarau, Allah ya shirye ki,

Assalamu alaikum. Lafiya sumul, har na fi da. A gaida Gwaggo, a ce mata ta rama mini.

Na karanta takardarki a tsakar gida da ƙarfi. Ban kai ƙarshe ba Hukuma ta shiga ɗaki ta fito da makullin, ashe a cikin tukunyar da ba a girki da ita yake. Ta ajiye shi a gabana ta wuce. Da ta yi magana ma da ya fi mini sauƙi. Yau kwana nawa, in na ce a miƙo mini ruwa sai ta ce, "A karanta maka ko ka gane?"

Wato ni da nake yini ina tsince ƙusa da guntun waya daga hatsin mutane kada su ci mini dutsen inji, ashe ƙarfen ma a cikin ƙwayar yake. Allah mai iko.

Hoton na manna shi a bangon shago, sama da inda nake rataye bel ɗin inji. Gari ya fara rufe shi, kullum sai na goge da hannun riga. Wata ta tambaye ni ko samfurin atamfa ne, ta ce in an kawo a ajiye mata.

Turaku na kafa, shuka ta fito, na yi yadda kika ce. Amma bari in faɗa miki tawa. Gefen tarakta ya fi kore, ya fi tsayi, kowa ya wuce sai ya faɗa. Ke kina auna abin da ke cikin ƙwaya, ni kuwa bakuna nake ƙirgawa. Yaro ba ya cewa zink ya ishe shi, cewa yake a ƙara. In buhu ya ragu, ba hoton da zan nuna musu. Ki sa wannan ma a madubinki.

Yayanki,
Furfura

*

Yaya,

Sallama da fatan an yi girbi lafiya. Mama ta samu sauƙi sosai, har kasuwa take zuwa da ƙafarta. Ka yi haƙuri da jinkiri, injin awonmu ne ya lalace, sai da muka jira aka gyara.

Saƙon bana ya iso, na gode da wahala. Ga abin da ya fito. Gefen da ba a juye ba, saiwarsa tana nan da saƙarta, tsabarsa kuma ta fi zink. Ratar ba ta kai yadda na yi fata ba, amma tana nan, na maimaita awon don in tabbata. Gefen tarakta zaren ya ragu sosai, sai dai bai mutu ba, kusa da turakun ma ya fara komawa. Shekara ɗaya ce, gona ɗaya, don haka ban ce na gama sani ba.

Maganarka ta buhu na sa ta a madubi kamar yadda ka ce, kuma gaskiya ce. A 'yar takardar da ka haɗo da saƙon ka ce gefen tarakta ya fi yawa, ko da yake da aka yi ɗan fari a tsakiyar damina ɗayan ya fi jurewa. Ba zan ce ka bar takin zamani ba, yunwa ta fi komai muni. Cewa nake a rage wanda ke sa masara korar ɗan aikenta, a daina nutsa garma can ƙasa, a bar tushiya ta ruɓe a wurinta, a riƙa sa wake. Sannu a hankali, ɓangare ɓangare, yadda in an yi asara ba za ta yi ciwo ba.

Shawarata mai sauƙi: ku ci ta gefen Kaka a gida, ka kai ɗayar kasuwa.

In kana so ka taimaki babbar gona, akwai dabarar da ake gwadawa: a ɗebo ƙasa da guntayen saiwa daga wuri mai lafiya, a zuba kaɗan a ramin shuka. Ba kullum take ci ba, kuma a kula kada a kwaso irin ciyawa.

Taka,
Tabarau

*

Tabarau,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, mun ji daɗin labarin Gwaggo. Auta ta shiga makaranta, ta dawo ranar farko ta ce ita ta gama.

Shawararki ta a ci wannan a sayar da wancan, na ce madalla, magana ta ƙare. Sai Hukuma ta ɗago daga tsintar wake ta ce, "Wanda zai sayi ɗayar fa, shi ba shi da 'ya'ya?" Washegari ina bakin inji ina kallon layin, duk matan nan na san yaransu, wasu a gabana aka goya su har suka fara kawo niƙa da kansu. Yawancinsu kuma a wurina suke awo.

Don haka na yanke wani yanki na babbar gona, daga bakin hanya zuwa bishiyar nan da muke hutawa. Na gaya wa mai tarakta bana iyakarsa ke nan. Ya ce, "Kai da matarka dai ba ku son ci gaba." Na ce ya je ya faɗa mata da bakinsa. Bai je ba.

Da aka fara shuka na ari baro. Ina cika shi da ƙasar gonar Kaka, in turo shi in bi ta gaban shagona, ta gaban mai shayi, har babbar gona. Sawu na farko ba wanda ya kula. A na uku mai shayi ya fito ya tare ni, ya ce, "Mai-inji, lafiya? Mun ga mai kai taki gona, mun ga mai kawo hatsi gida. Mai kai ƙasa gona dai yau muka fara gani." Na ce masa baƙi nake rakawa sabon gida. Ya leƙa baron, ya ga ƙasa zalla, ya dube ni da tausayi, ya ce in zauna ya haɗa mini shayi kyauta.

Na sha shayin. Da zan tashi ya rage murya ya ce, in abin na gaske ne, shi ma yana da 'yar gona a bayan gari, ko zan sam masa rabin baro.

Na ce sai na tambayi ƙanwata. To, na tambaya.

Yayanki,
Furfura